Daga kaso zuwa gidan bashi: tarihin tsare baƙo a hanyoyin Nijar

1. Gabatarwa

A wani zama na aikin fassara da muka yi da ɗalibai, mun ci karo da kalmomin faransanci guda biyu, «détention» da «rétention», muka kasa raba su da hausa, domin duka biyu «tsarewa» suka ba mu. A dokar Faransa kuwa bambancinsu ba ƙarami ba ne. Ta farko tsarewa ce ta shari'a, wadda alƙali ke yankewa a kan wanda ake tuhuma ko wanda aka samu da laifi. Ta biyu tsarewa ce ta hukuma: wakilin gwamnati ne ke sa hannu a riƙe baƙon da ba shi da takardun zama kafin a fitar da shi daga ƙasa, alƙali ba ya shigowa sai daga baya. Wani ɗalibi ya ce mana ga wanda ke ciki duk ɗaya ne, tunda ƙofa a kulle take. Yana da gaskiya ta wani fanni, amma maganar ba ta ƙare a nan ba.

Wannan ƙasida za ta bi tarihin tsare baƙi da matafiya a ƙasarmu da kan hanyoyin da ƴan ƙasarmu ke bi, tana dogara ga sunayen da masu jin hausa suka raɗa wa wuraren da mutanen. A Nijar babu gidan kaso na kamfani; duk na gwamnati ne. Duk da haka muna ganin tambayar da ake yi a Amurka da Ingila game da gidajen kaso na ƴan kasuwa ta shafe mu kai tsaye, wato: wa ke riƙe da mabuɗi, kuma wa ake biya idan mutum ya ƙara kwana ɗaya a ciki?

2. Baƙo, ƙofa da haure

Kalmar da gidajen rediyo suka saba mana da ita ita ce «baƙin haure». Haure shi ne wurin da ganuwa ko danga ta zube har ana iya haurawa ba tare da an bi ta ƙofa ba. Kalmar ta ɗauko hoton tsohon birni ke nan: ganuwa, ƙofofin da ake rufewa da dare, da sarkin ƙofa mai sanin wanda ya shiga. Amma wanda ya biyo ta ƙofa, me ke jiransa? Mai masauki. Fatake da ƴan koli da masu safarar goro da dabbobi suna sauka a gidan wani sananne a zango, shi ke ba su wurin kwana, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu wajen bashi, kuma shi ke amsawa gaban sarki idan baƙonsa ya yi ɓarna. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969, kuma unguwar Zango ta nan Yamai daga irin wannan tushe ta fito. Takardar baƙo ita ce mai masaukinsa. Ribar mai masauki kuma tana ga baƙo ya sayar, ya saya, ya tafi, ya komo baɗi.

Kada mu ƙawata zamanin fiye da kima. Akwai kurkuku, akwai Yari da gidansa, akwai mari da turu. A Kano ta ƙarni na 19 iyayengiji kan kai bayin da suka ƙi biyayya gidan Ma'ajin Watari a tsare su a hore su, su biya wuri ranar da suka zo karɓar abinsu. Akwai kuma jinginar da mutum saboda bashi. Ashe riƙe ɗan Adam don kuɗi ba baƙon abu ba ne gare mu. Abin da babu shi ne a kulle ɗa mai ƴanci don kawai ya taho daga wata ƙasa.

3. Kaso

Bahaushen Najeriya ya ari «fursuna» daga ingilishi, mu kuwa muka ari «kaso» daga «cachot» na faransanci, kamar yadda Zabarmawa da Bambara suka ara. Abin lura shi ne ba «prison» muka ara ba, wato gidan da kotu ke aika mutum. Ɗakin horo muka ara, na barikin soja da na bayan ofishin kumandan. Dalili a fili yake. A ƙarƙashin dokar «indigénat», wadda ta yi aiki har 1946, kumandan na da ikon kulle talaka har kwana 15 ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara, saboda jinkirin lanho, ko ƙin aikin dole, ko barin gari ba izini. Kaso tun asalinta tsarewar hukuma ce. Wato abin da ɗalibanmu suka rasa sunansa, kakanninsu sun riga sun raɗa masa suna, sai dai kalmar ta faɗaɗa daga baya ta haɗiye kowane irin gidan yari.

A wannan zamani ne kuma tafiya kanta ta fara zama laifi. An shata iyakar Nijar da Najeriya tsakanin 1906 da 1908, ta ratsa Katsina da Gobir da Daura, kuma mutanen ɓangaren Faransa suka riƙa tsallakawa kudu gudun lanho da aikin dole da ɗibar soja. Mai mulki na lokacin ba shigowar baƙi ke damunsa ba, ficewar masu biyan haraji ce. Ƴan kaso kuma hannun aiki ne na banza: su ke share gari, su ke ɗiban ruwa, su ke gyaran hanya. Dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ita ta soke aikin dole.

4. Zamanin kora

Bayan samun mulkin kai, ƙasashenmu ba su damu da riƙe baƙo ba. Korarsa suka iya. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita, abin da ya watsa zangunan da Hausawa da Zabarmawa suka kafa tun zamanin fataucin Gwanja. Ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan sanarwa, aka kori mutanen da aka ƙiyasta sun kai miliyan 2, cikinsu har da ƴan Nijar masu yawa, alhali shekara huɗu kacal da sa hannu a kan yarjejeniyar CEDEAO ta 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba biza har kwana 90. Sa'an nan aka rufe iyakar Najeriya daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, daidai lokacin fari, har mutanen karkara suka raɗa wa yunwar suna «El Buhari».

Mun fi son tuna waɗannan. Wadda ba mu cika faɗa wa ɗalibai ba ita ce ta Disamba 1963, sa'ad da gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahomey, har da ma'aikatan da suka riƙe ofisoshinmu da makarantunmu, a cikin rikicin tsibirin Lete. A Oktoba 2006 ma gwamnati ta ba da sanarwar korar Larabawan Mahamid daga jihar Difa kafin ta janye cikin ƴan kwanaki. Duk wanda zai yi maganar adalci ga baƙi a Yamai, ya kamata ya sa waɗannan cikin lissafi.

5. Sito, otel da makaranta

A Turai da Amurka ne tsare baƙo ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma yadda ta soma abin dubawa ne. A tashar jiragen ruwa ta Marsai, a Arenc, ƴan sanda sun yi fiye da shekara goma suna ajiye baƙi, akasari ƴan Aljeriya, a saman wani sito na kaya ba tare da wata doka ba, har wani lauya ya tona asirin a 1975. Maimakon a rufe wurin, sai aka yi masa doka: ta 29 ga Oktoba 1981 ta halatta «rétention» na kwana 7. Gyara bayan gyara, dokar 2018 ta kai shi kwana 90. Mu da muka yi karatu can mun san nauyin da ke zuciyar ɗalibi idan takardar zamansa ta kusa ƙarewa, sabuwa ba ta fito ba.

Ingila ta miƙa tsaron cibiyar Harmondsworth, kusa da filin jirgin Heathrow, ga kamfanin gadi Securicor tun 1970. A Amurka, kamfanin Corrections Corporation of America, wanda aka kafa a 1983 kuma ya koma CoreCivic a 2016, ya sami kwangilarsa ta farko daga hukumar shige da fice, ya fara aiki a farkon 1984 a wani ƙaramin otel na matafiya a Houston da aka kewaye da waya. Abokin gasarsa, wanda ake kira GEO Group yanzu, shi ma da baƙi ya soma, a Aurora ta jihar Kolorado a 1987. Ashe gidan kaso na kamfani a kan baƙo aka gwada shi kafin a kai shi ga ɗan ƙasa. Hakan ba abin mamaki ba ne, domin baƙo ba ya jefa ƙuri'a, danginsa na nesa, kuma tunda doka ta ce riƙonsa ba hukunci ba ne, ba dole gwamnati ta ba shi lauya ba.

Tsarin biyan shi ne kuɗin kwana a kan kowane kai. Daga 2009 majalisar dokokin Amurka ta riƙa rubuta a kasafin kuɗi adadin gadajen da tilas a tanada don tsare baƙi, 33.400 da farko, daga baya 34.000, wasu kwangilolin kuma suna tabbatar wa kamfani kuɗin wani adadi ko gadajen sun cika ko ba su cika ba. A 2023 kusan tara cikin goma na baƙin da ke tsare a hannun hukumar suna wuraren da kamfanoni ke gudanarwa. Dafa abinci da wanki da shara, su waɗanda ake tsaron ke yi a kan dalar Amurka 1 a yini. A 2021 wata kotu a jihar Washinton ta yanke cewa GEO ya biya ma'aikatan cibiyarsa ta Tacoma fiye da dala miliyan 17 na haƙƙin da ya danne. Wanda ya san tarihin ƴan kason kumandan ba zai ji wannan labari baƙo ba.

A 2006 abin ya ƙetaro Afirka ta Yamma: a Nuwadibu ta Muritaniya an mai da wata makaranta wurin tsare waɗanda ake zargin suna shirin shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Kanari, da taimakon Sifen. Mutanen gari suka raɗa mata «Guantanamito».

6. Agadas da gidan bashi

Mu komo gida. Ɗaukar fasinja daga Agadas zuwa Dirku da Sabha sana'a ce da aka yi a fili shekara da shekaru. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 tsofaffin ƴan tawaye da dama suka shige ta da sanin hukuma. Kowace Litinin ayarin motoci na tashi tare da rakiyar soja, ana biyan haraji a tasha, ana da ƴan kamasho, ana da gidajen saukar baƙi da matafiyan suka raɗa wa «geto». Mai geto, in an duba da kyau, jikan mai masauki ne, da kirkinsa da cutarsa. Mafi yawan fasinjojin kuma ƴan CEDEAO ne, wato ta ƙofa suka shigo Nijar. Ba su zama baƙin haure ba sai bayan sun wuce Madama. Cikinsu akwai namu ƴan ci-rani, waɗanda faransancin Nijar ya ƙago wa suna «exodants».

A Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Wannan masifa ta girgiza ƙasa, kuma ita ce hujjar cikin gida da aka kafa da ita sa'ad da aka fito da doka mai lamba 2015-36 ta 26 ga Mayu 2015 a kan safarar baƙi. Hujjar waje ta fi ƙarfi: taron Valeta na Nuwamba 2015 da asusun da Tarayyar Turai ta buɗe a can, wanda Nijar na cikin manyan masu cin moriyarsa. Dokar ta tanadi kaso na shekara 5 zuwa 10 da tara ta sefa miliyan 1 zuwa 5, hukuncin na iya hawa har shekara 30 idan laifin ya yi muni. Daga tsakiyar 2016 aka soma aiki da ita gadan-gadan a Agadas: aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, aka shiga farautar masu geto. A aikace, ɗaukar Banajeriye ko Basanagale arewa da Agadas ya zama laifi, ko da yana da katinsa, ko da saura ɗaruruwan kilomita a kai iyaka.

Ƙungiyar OIM ta ƙirga fiye da mutum dubu 300 da suka nufi arewa ta Segedin da Arlit a 2016, ƙasa da dubu 70 a 2017, aka yi ta nuna wannan a matsayin nasara. Amma mai ƙirga a bakin hanya yake zaune, direbobi kuwa sun bar hanya. Sun riƙa kauce wa rijiyoyin da soja ke tsaro, suna tafiyar dare, suna zubar da fasinja idan suka hangi sintiri. A Yuni 2017 mutum 44, ƴan Gana da Najeriya, suka mutu da ƙishirwa a yankin Dirku. Kuɗin mota ya ninka, kuma nan ne maganarmu ta komo kan kalma.

Wanda guzurinsa bai kai ba sai ya tafi a bashi, direba ya miƙa shi ga wani a Gatrun ko Sabha wanda ya biya kuɗin motar, shi kuma ya kulle shi har danginsa su aiko da kuɗin da riba a kai. Ana kiran gida a waya ana dukan mutum don a ji kukansa. Wanda ba a fanshe shi ba sai a sa shi aiki ko a sayar da shi ga wani gidan. Matafiyan da kansu suka raɗa wa waɗannan wurare suna da hausa: «gidan bashi». Sunan ya girmi dokar 2015, ba ita ta haife shi ba, sai dai ta ƙara masa kasuwa, tunda duk abin da ya tsadantar da tafiya ya kuma ɓoye ta yana ƙara yawan masu tafiya a bashi. A ganinmu wannan shi ne gidan kaso na ɗan kasuwa a siffarsa mafi tsiraici. Ta fuskar ginin kalma, «gidan yari» na nuna mai riƙe da mabuɗi, «gidan kaso» na nuna ɗakin, «gidan bashi» kuwa ya tsallake duka biyu ya ambaci dalilin: kuɗi.

Ba a raba gidan bashi da cibiyoyin gwamnatin Libiya da katanga mai tsawo ba. Da dama daga cikin cibiyoyin da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida ƙungiyoyin ƴan bindiga ne ke riƙe da su. Bayan yarjejeniyar Italiya da Libiya ta 2 ga Fabrairu 2017, waɗanda aka tare a teku can ake mai da su. A Yuni 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa takunkumi ga mutum shida saboda fataucin mutane, cikinsu har da shugaban mayaƙan da ke riƙe da cibiyar al-Nasr ta Zawiya da kwamandan masu gadin teku na garin. Mai kamawa a ruwa da mai kullewa a tudu abokan ciniki ne.

7. Ƙofa a buɗe, hanya ɗaya

Abin da aka gina a cikin Nijar ya bambanta, kuma adalci ne a faɗi haka. Cibiyoyin OIM na Agadas, Arlit, Dirku da Yamai ba a kulle suke ba. Akwai abinci, akwai magani. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya yarda a mai da shi ƙasarsa, abin da ake kira komawa ta ganin dama. Sai a duba wanda ake tambaya. Tun 2014 Aljeriya ke komo da ƴan Nijar cikin ayari bisa yarjejeniya da gwamnatinmu, daga 2017 kuma ta riƙa sauke ƴan sauran ƙasashe a wurin da ake kira «Point Zéro», su taka kilomita 15 a rairayi zuwa Asamaka. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga fiye da mutum dubu 30 da aka koro a 2024 kaɗai. Mutumin da aka ƙwace wa waya da kuɗi, ya iso Asamaka da ƙafa, aka ce masa ga ruwa ga tabarma idan ya sa hannu, wace dama ya gani? Mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin baƙi, Felipe González Morales, ya yi wannan tambaya bayan ziyararsa ta Oktoba 2018.

Akwai kuma waɗanda ba su da gidan komawa. Daga Nuwamba 2017 HCR ta riƙa kwaso ƴan gudun hijira daga cibiyoyin Libiya zuwa Yamai, daga baya Hamdallaye, su jira ƙasar da za ta karɓe su, jiran da ya kai wasu shekaru. Ƴan Sudan da suka gangaro Agadas da kansu ba su sami ko wannan ba: a Mayu 2018 hukumominmu suka mai da fiye da 100 daga cikinsu iyakar Libiya, sauran aka zaunar da su a sansani kimanin kilomita 15 daga gari. A Janairu 2020, bayan an tarwatsa zaman dirshan ɗinsu, sansanin ya ƙone, aka kama fiye da 300. Daga Satumba 2024 mazauna wurin suka sake shiga zanga-zanga. Ba kamfani ke riƙe da su ba, ba a kuma kulle su ba; hamada da rashin takarda sun isa. Amma nan ma da yawan kawuna ake neman kasafi wajen masu ba da tallafi, kuma mai biya shi ke faɗin alƙiblar da ƙofa za ta duba.

Ran 25 ga Nuwamba 2023 Janar Tiani ya soke doka 2015-36, tare da shafe hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Direbobi suka fito daga kaso, ayarin motoci ya koma tashi a fili. Muna ganin sokewar daidai ce, domin dokar ta saɓa wa yarjejeniyar 1979 kuma ta hukunta sana'a maimakon ta hukunta cuta. Sai dai ba ta rufe gidan bashi ko ɗaya a Sabha ba, ba ta kuma hana motocin Aljeriya zuwa Point Zéro ba. Ban da haka, Nijar ta fice daga CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025, don haka ƴancin zirga-zirgar da ke tsakaninmu da Najeriya, Benin ko Gana, wanda dā yarjejeniya ke karewa, ya koma kan sanarwar da kowane ɓangare ya yi cewa zai ci gaba da karɓar ƴan ɗayan. Sanarwa kuwa ana janye ta da sanarwa. A watan nan na Janairu 2025 aka fito da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi, wadda ta wajabta wa duk mai saukar da baƙo ya sanar da ƴan sanda, ta kuma tanadi kaso ga wanda aka kora ya ƙi fita. Mai masauki ya komo cikin doka ke nan, amma a matsayin mai kai rahoto, ba mai tsaya wa baƙonsa ba. A ra'ayinmu gyaran da ya fi gaggawa shi ne a rubuta ƙarara kwana nawa ƴan sanda ke iya riƙe baƙo kafin alƙali ya gan shi, a kuma hana duk wata yarjejeniya da ke ɗaura tallafi a kan yawan waɗanda aka tare.

Game da fassarar da muka faro da ita, mun tsaya a kan «waƙafin hukuma» don «rétention», tunda hausa na da «gidan waƙafi» na wanda ke jiran shari'a, kuma waƙafi a rubutu ɗan dakatawa ne kafin jimla ta ci gaba. «Centre de transit» ya fi ba mu wahala. Wasu ɗalibai sun kawo «masauki», muka ƙi, saboda baƙon masauki shi ke zaɓen inda zai dosa da safe. Mun rubuta «zangon komawa gida» a ƙamus ɗin sashe, muna jiran gyaran abokan aiki na ɓangaren zabarmanci da tamajak.